Luguden Jita

Ɗan yayata ya samu gurbin karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ya sauka a gidana da akwati ɗaya da jita ɗaya. Akwatin bai dame ni ba. Jitar ce ta hana ni barcin rana tun daga watan Satumba har aka fara tonon citta.

Ba wai bai iya ba. Ya iya daidai gwargwado, har makaɗan cocinsu sun ba shi wuri. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne Kirsimeti na tafe, kuma a cikin waƙoƙin da za su yi akwai wata mai gaɓa inda mawaƙa ke ja da baya a bar mai jita ya yi ta zuba shi kaɗai. Salon mutanen Kwango ne. Mu nan duk makosa muke ce masa, ko da yake makosa ta Kamaru ce, su kuwa masu abin sebene suke kiran wannan gaɓa. Yaro ya ga wani a waya yana gudu a kan tsirkiya kamar ana zazzage gero a kwano, ya ɗaura aniyar sai ya kamo shi. Ya sauke manhajar nan mai ƙwanƙwasa lokaci, agogon kiɗa, ya saita ta a 140. Wato bugu 140 a minti ɗaya, shi kuma yana son cusa sauti huɗu a cikin kowane bugu. In ka yi lissafi sauti 560 ke nan a minti, fiye da tara a daƙiƙa guda. Kullum bayan ya dawo daga aji sai ya zauna bakin katifa, yatsu huɗu suna hawa suna sauka a wuyan jita, ɗaya biyu uku huɗu, ɗaya biyu uku huɗu. Ba waƙa, ba amshi, sai ƙwas-ƙwas na waya da tsaki.

Mako uku aka yi ana haka. A na huɗu na leƙa ɗakin na ga jitar a bayan ƙofa, ƙurar hunturu ta fara rufe ta.

"Kawu, na haƙura," in ji shi. "Hannuna ba na masu sauri ba ne. Ga wuyan hannun ma yana mini ciwo."

Tsohuwata tana gefe a kan kujera 'yar tsugunne, tana rege acca da ƙwarya biyu. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai maigida, ni dai tun da ka zo gidan nan nake jin daka, har yau ban ga gari ba."

Ya yi dariya, don wasan kaka da jika ne. Ni kuwa maganar ta zauna mini, domin ita ce gaskiyar lamarin gaba ɗaya. Yaron turmi yake daka ba hatsi a ciki.

Duk wanda ya tashi a karkarar nan kafin injin niƙa ya shiga kowane lungu ya san lugude. Mata biyu, wani lokaci uku, a kan turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta. Wannan ta sauke, kafin ta ɗaga waccan ta kawo tata, ta ukun kuma tana sama tana jiran ramin da za a bar mata. Bakin turmin bai fi a ce tafin hannu biyu ba, amma taɓare uku na shiga suna fita ba karo. Idan abin ya yi zaƙi sai ka ga ɗaya ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke daidai inda ya kamata, ko ƙiris ba ta makara ba. Wata ta doki gefen turmi don ado. Daga nesa za ka rantse kiɗa ake yi. Wannan sauri ne na gaske, kuma mai haɗari, don kuskure kaɗan taɓarya ta sauka a kan yatsa ko haɓa.

To, tambayi kowace a cikinsu ranar da aka zaunar da ita aka ce yau za a koya miki sauri. Babu. Yarinya takan fara da ƙaramar taɓarya, tana dakan yaji ko kuka ko daddawa, abin da za a zuba a miyar dare ta ci ta ji daɗin cewa hannunta ne. Daga nan a bar ta ta yi surfe ita kaɗai. Wata rana yayarta ta ce zo mu haɗa. Da farko sukan yi karo, a yi dariya, a sake. Ba ta san ranar da saurin ya shigo ba, kamar yadda ba wanda ya san ranar da ya fara gudu bayan tatata. Ba ta taɓa neman sauri ba, gari take nema, da kuma kada a yi mata dariya a gaban sa'o'inta.

Akwai wani sirri da tsohuwata ta nuna wa yaron washegari, da aka fito da turmi za a surfa dawa. Ta ce ya karɓi taɓarya. Ya damƙe ta kamar mai riƙon wuyan ɓarawo, ya ɗaga kafaɗu har kunne, ya cije leɓe, ya dinga makawa da ƙarfin tsiya. Dawa na tsalle waje, kaji na murna. Bai kai bugu hamsin ba ya tsaya yana haki, tafin hannunsa ya yi ja zai yi bororo. Ita kuwa, mai shekarun da ba ta ma ƙirga su, ta karɓa da hannu sake. Ba ta dukan turmi. Ɗagawa kawai take yi ta saki, nauyin taɓarya ya yi aikinsa, sannan ta bi tsallen da itacen ke yi ta ɗauko shi sama. Tana yi tana ba shi labarin wani bikin da aka yi a Godogodo tun kafin a haifi uwarsa, numfashinta bai canja ba.

"Ƙarfi na gona ne, maigida," ta ce. "Daka dabara ce."

Haka jita take, kuma a nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Tsirkiya ba ta buƙatar a shaƙe ta. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗora yatsa dab da bayan ƙarfen gaɓa, ba a tsakiya ba, ka danna ka kaɗa, sannan ka dinga sassautawa a hankali har sautin ya fara zizar nan mara daɗi. Daga nan ƙara ɗan kaɗan. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan. Da yaron ya gwada sai ya ga ashe yana kashe ninkin abin da ya kamata a kan kowane sauti, sau ɗaruruwa a minti. Ina hannu ba zai yi ciwo ba? Ga yatsu da yake ɗagawa sama can bayan kowane danni, kamar mai tafiya a cikin taɓo, alhali kusa da tsirkiya ya kamata su yi ta shawagi. Ga hannun dama yana kaɗawa tun daga gwiwar hannu, inda ɗan motsi daga wuyan hannu ya isa. Ga numfashi da yake riƙewa idan ya doshi wurin da yake tsoro. Duk waɗannan ba a ganinsu a 140. Sai an sauko ƙasa sosai, inda mutum zai iya kaɗawa yana hira, sannan suke fitowa fili.

Ita ma jitar da laifinta. Irin masu arahar nan ce, tsirkiyoyinta sun yi nesa da wuya, sai an yi kokawa kafin su taɓa ƙarfe. Ba a ba yarinya 'yar shekara takwas taɓaryar sakwara a ce ta yi lugude. Muka kai ta Kafanchan aka rage tsayin, aka sa mata tsirkiyoyi marasa kauri. Rabin abin da yake kira rashin baiwa a teburin mai gyara ya tsaya.

Sai batun hatsi. Na ce masa, wannan ɗaya biyu uku huɗu ɗin ba laifi ba ne, minti uku ko biyar don ɗumama yatsu, musamman da sanyin hunturu da hannu ke sandarewa da safe. Amma kada ya zama shi ne abincin. Ɗauko ainihin gaɓar waƙar da kake son kaɗawa ranar Kirsimeti, ita ce dawarka. Kuma ba a juye buhu guda a turmi. Zubi-zubi ake yi. Ya yanko sauti takwas na farko, ya yi ta juya su har suka zauna, sannan takwas na biyu, sannan ya ɗinke su ta hanyar maimaita mahaɗar, biyun ƙarshe na wancan da biyun farko na wannan, don a mahaɗa ake tuntuɓe. Bambancin shi ne yanzu duk abin da ya maimaita yana da daɗin ji ko a hankali aka kaɗa shi. Mai shara a tsakar gida ma takan kama amshin. Ranar da na ji tsohuwata tana bin sautin da hanci tana tankaɗe, na san gari ya fara fita.

Agogon kiɗa kuwa ban ce a jefar da shi ba. Tsohon kayan aiki ne, tun 1815 wani Bajamushe mai suna Johann Maelzel ya yi masa rajista, har Beethoven ya riƙa rubuta lambobinsa a kan kaɗe-kaɗensa. Shi ne abokiyar lugudenka idan ba kowa a gida, kuma ba ya ƙarya: idan kana gaggawa a wuri mai sauƙi kana jan ƙafa a wuri mai wuya, zai tona ka. Aibinsa ɗaya, kurma ne. Ba ya dariya, ba ya guɗa, ba ya cewa madalla. Kuma yaron ya mai da shi alƙali maimakon abokin aiki: ya saita lambar da wani ƙato ya kai bayan shekaru, kullum ya je gabanta a yanke masa hukunci. Wa zai jure a kayar da shi sau ɗari kowace yamma? Muka dawo da shi 72. Idan ya kaɗa sau uku a jere ba tangarɗa, kafaɗa a sake, ya ƙara huɗu. Idan ya fara cije leɓe, ya rage takwas. Sauri kan haifi nawa, in ji masu magana, kuma a jita har jikoki yake haifa, domin kuskuren da ka maimaita sau ɗari shi hannu zai haddace, ba ruwansa da abin da ka yi niyya.

Amma a nan zan saɓa wa masu cewa a yi ta bi a hankali kawai, sauri zai zo da kansa. Ba duka gaskiya ba ne. Tafiya daban, gudu daban, wanda bai taɓa ɗaga ƙafa ya ruga ba, ko shekara ya yi yana tafiya ba zai iya tsere ba. Hannu ma yana da motsin da sai a cikin sauri yake gano shi. Nan ne cilla taɓarya ke shigowa. Matar da ta cilla ta tafa ba ta yin haka a kowane bugu, sau ɗaya ne a cikin ashirin, don nishaɗi, sannan ta koma dakanta. Haka na ce ya riƙa yi: yana cikin tafiyarsa a 80, sai ya fizgi sauti huɗu ko biyar da ninkin sauri, fir, ya sauka a kan bugu, ya huta, ya sake. Gajeren gudu ne da hannu ke gamawa kafin tsoro ya iso. Idan ya faɗi a yi dariya. Sannu a hankali biyar ta zama bakwai, bakwai ta zama tara. Wannan ɓangaren ya fi so a duk atisayen, har sai na ce masa ya isa.

Abin da ya fi komai tasiri kuwa ba dabarata ba ce. Wani abokinsa mai buga ganga ya fara zuwa ranar Talata da Jumma'a, ba da ganga ba, da bokitin roba da sanduna biyu. Suna zama ƙarƙashin mangwaro. Shi ya riƙe bugu, wannan ya bi, idan abin ya zauna sai mai bokiti ya ɗan matsa ba tare da ya faɗa ba. Yaron da ke rantsuwa ba ya wuce 90 sai ga shi a sama da 100 bai sani ba, domin ba lamba a gabansa da zai ji tsoro. Manomanmu sun san wannan tun kaka da kakanni. Ba banza ake kiran makaɗi gayya ba, kunyar da mutum ɗaya zai yini yana ja, sai ka ga an kwashe ta kafin rana ta take, ana ihu ana tsere. Haka matan da ke zama da'ira suna tsaga citta lokacin kaka, wuƙa na walƙiya a hannu, baki na hira, tsibi na tashi. Ka ware ɗaya ka ajiye ta a ɗaki ita kaɗai da buhu da agogo, ka ga ko za ta yi rabin haka. Ko Zumuntar Mata ka duba a coci: da tulu da kacau-kacau suke ɗaga waƙa daga tafiyar hawainiya har ta kai ana rawa, ba wadda ta ƙirga komai.

Manyan da yake sha'awa ma ta wannan hanya suka bi. Diblo Dibala na Kwango, wanda ya kaɗa wa Kanda Bongo Man kafin su kafa Loketo da Aurlus Mabélé, saboda saurin yatsunsa aka yi masa laƙabi da bindiga mai aman harsashi, amma duk gudun nan don ƙugun masu rawa yake yin sa. Mdou Moctar na Nijar, Buzun nan bahago da yanzu ke cika dandali a Amurka da Turai, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, kuma a gidajen biki na Agadas hannunsa ya goge, inda in ka yi sanyi jama'a su watse. Nan kusa da mu kuma, a Jos, marigayi Ɗanmaraya da ya rasu a 2015 tsirkiya ɗaya tak ce a kuntiginsa. Da ita ya zagaya duniya. Ina faɗa wa yaron wannan ne duk lokacin da ya fara maganar wane ya fi wane gudu. In dai sauri ne kaɗai abin nema, injin niƙan bakin kasuwa ya fi duk matan garin nan, ya kuma raba mu da lugude ba don komai ba sai don hakan. Amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya gaban inji yana gyaɗa kai ba.

Wani abu kuma da ya ba shi mamaki: wurin da ya gagare shi da daddare, sai ya tashi da safe ya same shi ya yi laushi. Ya ɗauka sa'a ce. Ba sa'a ba ce. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun sa mutane koyon danna wasu lambobi biyar a jere da yatsun hannun da ba su saba aiki da shi ba. Waɗanda aka sake gwadawa bayan sun yini ido biyu ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Waɗanda suka kwana suka yi barci kuwa saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, ba tare da ƙarin kuskure ba, kuma ba su sake taɓa abin ba a tsakani. Da na ba tsohuwata wannan labari sai ta ce, to su sai yanzu suka sani? Ƙullun masa ma ai sai ya kwana yake tashi, in ka tsaya kansa kana juyawa dare farai ba abin da za ka ƙara masa. Saboda haka minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar, kuma a tashi tun da sauran marmari, kada a jira sai rai ya ɓaci. Mai tashi daga akushi da ɗan sauran yunwa shi ke ɗokin na gobe.

Ciwo kuma iri biyu ne, kada a haɗa su. Zafin kan yatsa na sabon shiga ne, yana wucewa idan kanta ta fito, kamar tafin hannun mai daka. Amma zogi a wuyan hannu, ko tsami mai hawa zuwa gwiwar hannu, ko yatsa ya dinga mutuwa, wannan ba jarumtaka ba ce a daure masa. A ajiye jita, in ya ƙi tafiya a je asibiti. Ina jin haushin masu koyarwar da ke ɗaukar wahala a matsayin shaidar ƙwazo, su sa yaro ya yi ta murzar abu ɗaya har ya tsani kayan kiɗan. Jitocin da ke rataye a ɗakunan garin nan sun yi ƙura, ba lalaci ne ya rataye yawancinsu ba.

Ba kuma ina cewa duk abin daɗi ne ba. Surfen acca ba wasa ba ne, ƙwayoyinta ƙanana ne kamar yashi, a daka, a sheƙe, a sake dakawa, a rege har baya ya ƙage. Waƙar daka ba ta rage ko tsaba ɗaya a turmi, lokacin kawai take gajartawa. Akwai ranakun da yaron ya zauna ba ya so, akwai makon da lambarsa ta tsaya cik a 96 kamar an kafa ta da ƙusa, har ta koma 92. Na ba shi wani tsohon littafin rubutu ya riƙa sa kwanan wata da lambar da ya kai cikin natsuwa, ba wadda ya taɓo da ƙyar ba. Kamar zubin adashi ne, na yau ba ya cika ido, sai an waiwaya. Ya kuma ɗauki kansa a waya ranar farko. Da ya saurara bayan wata guda sai ya rufe fuska ya ce, "Kawu, haka kuka yi ta jurewa?" Na ce haka, kuma ba mu kai ƙara wurin mai unguwa ba.

Ranar Kirsimeti, da aka iso gaɓar, mai ganga ya riƙe ta a inda mata za su iya takawa da zannuwansu na anko, can ƙasa da inda wancan na cikin waya ke gudu. Yaron ya yi tuntuɓe sau biyu. Ni da shi kaɗai muka sani. Kakarsa ta rangaɗa guɗa daga layin gaba, ta fito ta manna masa naira ɗari biyu a goshi, ta ce kuɗin cefane ne, kada ya saba.

Shafin ƙarshe na littafin nan 116 ke rubuce a kai. Har yau bai kai 140 ba, amma jitar ba ta sake komawa bayan ƙofa ba, ni ma ban sake samun barcin rana ba. Shekaranjiya siririyar tsirkiyar ta tsinke. Ranar Asabar zai shiga Kafanchan ya sayo wata, kuma ni zan biya.